Aron Fuska: Lacca kan Barkwancin Ma'aikata a Intanet

 

Na san a cikinku akwai waɗanda, da suka ji cewa za a tara dattawa a zaure mai alfarma irin wannan domin a tattauna kan hotunan kyanwoyi da karnuka da ake ta turawa daga waya zuwa waya, suka ce a ransu lalle malaman zamani sun rasa abin yi. Ba zan ga laifinsu ba. Sai dai hujjata a kan wannan ita ce Abu Usman al-Jahiz, shehin Basra wanda ya rasu a shekara ta 255 bayan Hijira, wanda duk da zurfinsa a ilmin kalam da balaga bai taɓa jin kunyar cakuɗa maganar gaske da ta raha ba, har ma ya cika wani babban sashe na Kitabul Hayawan da muhawara tsakanin mai kare da mai zakara, yana ganin cewa zuciyar mai karatu, in an ɗora mata nauyin hujja ba hutawa, gajiya take yi ta saki abin da aka ba ta. In shi ya ga dacewar haka, mu da ba mu kai ƙurar takalminsa ba muna da uzuri.

Abin da ya sa na zaɓi wannan maudu'i shi ne wata ɗabi'a da na lura da ita. Duk wanda ya duba irin hotunan barkwancin da ma'aikatan ofis ke aika wa juna, na ƙorafi kan safiyar Litinin, da mitin ɗin da ba ya ƙarewa, da ogan da ke karɓar yabo kan aikin da bai yi ba, da albashin da ke ƙarewa tun wata bai raba ba, zai ga cewa da wuya ƙwarai mai ƙorafin ya sa fuskarsa a kai. Aro yake yi. Ko dai ya ari fuskar dabba, ko ta wani mutum da aka zana shekaru ɗaruruwa da suka wuce, ko kuwa ta ɗan wasan fim, ya rubuta damuwarsa a ƙasa, ya tura. Dalilin kuwa a fili yake, domin kyanwa ba a ba ta takardar tuhuma, mataccen da aka zana ba a hana shi ƙarin girma, shi kuwa oga, in ya ji haushi ya yi magana, ya tabbatar wa kowa cewa da shi ake. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Wannan shi ne habaicin da muka sani tun a tsakar gida tsakanin kishiyoyi da kuma bakin maroƙa, sai dai yanzu an yi masa hoto an ba shi fiffike.

Kada kuma a ɗauka intanet ce ta ƙago wannan dabara. A ƙasar Masar, kusa da birnin Uƙsur, akwai kufan wani ƙauye da ake kira Dairul Madina, inda magina da masu zanen da ke sassaƙa kaburburan Fir'aunoni suka zauna fiye da shekara 3,000 da suka wuce. Ma'aikatan gwamnati ne sosai, da magatakarda mai rubuta wanda ya zo aiki da wanda ya yi fashi, ana kuma biyansu da hatsi. A kan ɓaraguzan duwatsun da suka bari an sami zane-zanen da ba na kabari ba, inda za ka ga kyanwa tsaye tana yi wa ɓera fifita kamar baiwa gaban uwargijiyarta, ko kyanwa riƙe da sanda tana kiwon agwagi. Waɗannan mutane ɗin dai su ne, a shekara ta 29 ta mulkin Ramsis na Uku, da hatsinsu ya yi jinkiri, suka ajiye kayan aiki suka je suka zauna a harabar gidajen bauta, wanda shi ne yajin aiki na farko da tarihi ya rubuta. Ina roƙon ku riƙe wannan a zuci, cewa hannun da ya zana kyanwa tana bauta wa ɓera, da yunwa ta yi tsanani bai tsaya ga zane ba.

Shi ma al-Jahiz yana da wata risala da ya rubuta musamman don zargin halayen magatakardan gwamnati, inda ya siffanta ɗan akawun da, daga ya sami faffaɗar riga da tawada a gabansa ya haddace 'yan maganganun sarakunan Farisa, sai ya ɗauki kansa ya fi malaman fiƙihu. An ruwaito cewa shi kansa an taɓa naɗa shi a ofishin wasiƙun Halifa Ma'amun, ya yi kwana uku ya nemi a sallame shi.

A zamaninmu kuwa, injin kwafi ne ya share wa intanet hanya. Bayan kamfanin Xerox ya fito da injinsa a 1959, ma'aikata a Amurka suka shiga kwafar takardun ba'a a asirce da takardar kamfani da tawadar kamfani: sanarwar ƙarya wai daga hukumar gudanarwa mai cewa duk wanda zai mutu ya ba da notis tukuna, da zane-zanen shugaba, da fom ɗin neman izini na abin da ba ya buƙatar izini. Wani shehin malamin al'adu na jami'ar Berkeley, Alan Dundes, tare da abokinsa Carl Pagter, suka tattara irin waɗannan takardu suka buga su littafi a 1975, suna masu kafa hujja cewa wannan adabin baka ne cikakke, tun da ba a san mawallafinsa ba, yana yawo daga hannu zuwa hannu, kuma kowa ya karɓa sai ya ɗan sauya shi. Waɗannan sharuɗɗa uku su ne sharuɗɗan tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, kuma su ne na hoton da ya shigo wayarka da safiyar nan.

Ɗaya daga cikin waɗanda suka fara haɗa wannan tsohuwar al'ada da sabuwar hanyar sadarwa shi ne Scott Adams, ma'aikacin kamfanin tarho na Pacific Bell, wanda a 1989 ya soma buga zanen barkwanci mai suna Dilbert a jaridu, labarin wani injiniya da ke zaune cikin ɗan akurkin ofis ƙarƙashin shugaban da bai san komai ba. A 1993 ya sa adireshinsa na imel a jikin zanen, abin da masu zane ba su saba yi ba, sai wasiƙu suka yi ta kwarara daga ma'aikata, kowa na ba da labarin wautar da ake yi a wurin aikinsa, shi kuwa yana mayar da su zane, har ya kai ana buga shi a jaridu wajen 2,000. Ku lura kuma, ko a nan sai da aka ari dabba, domin mugun daraktan kula da ma'aikata a cikin labarin muzuru ne, mai ba da shawara ga kamfanoni kuwa kare ne. Amma abin da ya fi ba ni tunani a wannan ƙissa shi ne, manyan kamfanoni ba su yaƙi Dilbert ba, rungumarsa suka yi, har shi kansa kamfanin Xerox ya riƙa sa zanen a takardun da yake raba wa ma'aikatansa. Wani marubuci, Norman Solomon, ya wallafa littafi a 1997 yana cewa wannan dariya shugabanni take yi wa aiki, tun da ma'aikacin da ya yi dariya ya huce gobe zai dawo kujerarsa ba tare da ya nemi a canza komai ba. A ganina yana da rabin gaskiya, kuma rabin ba ƙarami ba ne. Shi Adams, a Fabrairun 2023 ɗaruruwan jaridu suka daina buga zanensa saboda wasu kalaman wariyar launin fata da ya furta da bakinsa a gaban kyamara, ranar da ya yi magana da fuskarsa ba ta aro ba.

Mu koma kan dabbobi, waɗanda su ne suka fi kowa shan wannan aiki. Tun a shekarun 1870 wani mai ɗaukar hoto a garin Brighton na Ingila, Harry Pointer, yake sayar da katunan kyanwoyinsa da 'yan kalmomin ban dariya a ƙasa. Abin da ya ƙaru a Janairun 2007, lokacin da wasu matasa biyu a Hawaii suka buɗe shafin I Can Has Cheezburger, shi ne kowa ya sami damar rubuta nasa, kuma kafin shekarar ta ƙare an sayi shafin a kan dala miliyan 2. Sai kuma wata kyanwa a jihar Arizona da aka yi wa laƙabi da Grumpy Cat, wadda hotonta ya fita a Satumban 2012. Wata naƙasa ce ta halitta, ta wadanci da karkacewar muƙamuƙi, ta sa fuskarta kullum a murtuke, alhali masu ita sun ce ba ta da faɗa ko kaɗan. Amma miliyoyin ma'aikatan da aka wajabta wa murmushi gaban abokan ciniki daga safe zuwa yamma suka sami wakiliyar da za ta ɗaure fuska a madadinsu. Ta zama kamfani, har a 2018 wata kotu a Kalifoniya ta ba masu ita diyyar dala dubu 710 a kan wani kamfanin kofi da ya wuce iyakar yarjejeniya wajen amfani da hotonta. Ta mutu a Mayun 2019. Haka nan wata karya mai suna Kabosu a Japan, wadda wata malamar makarantar yara ta ɗauko daga gidan dabbobin da aka yasar a 2008, ta ɗauki hotonta a 2010 tana kallon gefe kamar mai shakkar abin da ake gaya mata: a Disamban 2013 wasu injiniyoyi biyu suka ƙirƙiro kuɗin intanet mai suna Dogecoin da fuskarta, da nufin su yi wa masu cacar irin waɗannan kuɗaɗe ba'a, sai ga shi ba'ar ta zama abin da ake cacar a kai, darajarta ta kai biliyoyin daloli.

Amma hoton da na ga ya fi kowanne faɗin gaskiyar ma'aikaci shi ne wanda KC Green ya zana a 2013: kare sanye da 'yar hula, zaune a kan kujera da kofinsa, ɗaki ya kama da wuta ta ko'ina, yana gaya wa kansa cewa komai lafiya. Ba oga ake zagi a nan ba. Mai turawar kansa yake yi wa ba'a, yana iƙirarin cewa ya ga wutar, ya san ya kamata ya tashi, kuma ba zai tashi ba saboda akwai kuɗin haya da kuɗin makaranta. Akwai tawali'u a cikin wannan, akwai kuma wani abu mai kama da yanke ƙauna, wanda bai kamata a rikita shi da haƙurin da malamai suka yaba ba, domin haƙuri na shari'a bai hana mutum ɗebo ruwa.

Wata rana kuma aron ya zo ba da niyya ba. Ran 9 ga Fabrairu 2021, cikin kwanakin annobar korona, ana zaman kotu ta manhajar Zoom a jihar Texas, sai wani lauya ya bayyana a allo da fuskar 'yar kyanwa mai raurau da ido, saboda wani abin sauya kama da aka bari a kunne a kwamfutar da ya yi amfani da ita. Ya yi ta fama ya kasa cirewa, daga ƙarshe ya shaida wa alƙali cewa a shirye yake a ci gaba da shari'a, kuma shi ba kyanwa ba ne. Alƙalin da kansa ya saki faifan don ya zama gargaɗi ga lauyoyi. Abin da ya sa duniya ta yi dariya, a nawa fahimtar, shi ne kowa ya gane kansa a cikin wannan mutum da ya dage sai ya kiyaye ladabin ofis alhali mutuncin ofis ɗin ya riga ya zube.

Game da zane-zanen gidajen tarihi ba zan daɗe ba, ko da yake akwai masu kukan cewa ana wulaƙanta fasaha. Joseph Ducreux, mai zanen fadar Faransa wanda ya zana Marie Antoinette tun tana budurwa, ya zana kansa a wajejen 1793 yana nuna mai kallo da yatsa yana dariyar ƙeta. An manta da shi in ban da masana, sai a 2009 matasa suka tono hoton suna rubuta masa baitocin mawaƙan zamani cikin tsohon Turanci mai fankama. Wani ƙaramin gidan tarihin aikin gona na jami'ar Reading a Ingila ya sa hoton wani ƙosasshen rago da aka ɗauka a 1962, da 'yar magana guda ta raha, a Afrilun 2018, sai ga duniya ta san da zaman gidan; ragon kuwa, wallahi, da a kasuwar Sallah ya bayyana da sai dai attajirai su yi magana. A Maris ɗin 2020 gidan Getty na Amurka da kansa ya roƙi mutanen da kulle ya tsare a gida su kwaikwayi shahararrun zane-zane da kayan ɗaki guda uku. Ban ga asarar da fasaha ta yi ba, domin wanda zai kwaikwayi zane da tawul da tukunya dole ya ƙura masa ido fiye da mai yawon buɗe idon da ya wuce ta gabansa cikin daƙiƙa goma. Su ma magatakardan Turai na ƙarni na 13, masu kwafar littattafan addu'a, sukan zana jarumi cikin sulke yana yaƙi da dodon koɗi a gefen shafi.

Inda lamarin ke buƙatar taka-tsantsan shi ne fuskar ɗan Adam. Ɗan wasan fim ya sayar da fuskarsa da yardarsa, kuma aronta sau da yawa ƙarin kasuwa ne gare shi. Osita Iheme, wanda ya yi suna a fim ɗin Aki na Ukwa a farkon shekarun 2000, a 2019 ya wayi gari mutanen Brazil da Amurka, waɗanda ba su taɓa kallon fim ɗin ba, suna tura guntayen hotunansa don bayyana takaicinsu. A wajenmu kuwa marigayi Rabilu Musa Ibro, Allah Ya jiƙansa, ya rasu tun Disamban 2014, amma har yau fuskarsa na yawo a sitikar WhatsApp tana amsa wa mutane maganar da ba za su iya amsawa da bakinsu ba. Wannan daban yake da abin da ya sami wani yaro ɗan sakandare a lardin Quebec na Kanada, wanda ya ɗauki kansa a faifai yana wasa da sanda kamar jaruman fim ɗin Star Wars, 'yan makarantarsu suka tsinci faifan suka watsa a 2003, miliyoyin mutane suka yi ta dariya, yaron ya bar makarantar, iyayensa suka kai ƙara kotu. Imam Gazali, a littafin da ya ware wa aibobin harshe cikin Ihya'u, ya raba babin raha da babin izgili, ya sassauta a na farko in an tsaya kan gaskiya ba a wuce kima ba, ya tsananta a na biyu bisa hanin da ya zo a Suratul Hujurati. Ma'aunin yana aiki a nan ba tare da wani gyara ba: a duba ko mai fuskar zai cutu. Rago ba zai cutu ba, Ducreux ya daɗe a ƙasa, amma masinjan ofishinku da aka ɗauka yana gyangyaɗi aka watsa a zauren ma'aikata yana da 'ya'ya masu waya, kuma yana da haƙƙin da za a tambaye ku.

Saura in zo gida, domin a Nijeriya al'amarin ya juye ta wata fuska mai ban mamaki. A wasu ƙasashe ƙaramin ma'aikaci ne ke aron dabba don ya faɗi gaskiya, mu kuwa a nan dabbar ake ɗora wa laifin ofis. A Agustan 2017, da Shugaba Muhammadu Buhari ya dawo daga jinyar fiye da kwana 100 a Landan, kakakinsa Malam Garba Shehu ya ce zai yi aiki daga gida saboda ɓeraye sun ɓata kujeru da na'urar sanyaya ofishinsa. A Fabrairun 2018 jaridu suka ruwaito cewa wata ma'aikaciya a ofishin hukumar JAMB na Makurɗi ta gaya wa masu bincike cewa maciji ne ya haɗiye naira miliyan 36 na kuɗin katin jarrabawa. Kafin gari ya waye an buɗe wa macijin shafi a Twitter yana kukan ƙoshi, hukumar EFCC ta saki tata ba'ar cewa mikiyar da ke tambarinta ba ta tausayin irin wannan maciji, Sanata Shehu Sani kuma ya kwashi gardawa masu wasa da maciji ya kai su hedikwatar JAMB a Abuja wai su taimaka a kamo shi.

Ba na cikin masu cewa wannan dariya banza ce. Da wasa akan faɗa wa wawa gaskiya, kuma jama'ar da ta yi wa uzurin maciji ihu ta nuna cewa ba ta yarda a raina mata hankali ba. Labarin da a da zai mutu cikin fayil ya kai kunnen mai shayi da ɗan acaɓa cikin yini guda, abin da rahoton mai binciken kuɗi mai shafi ɗari uku bai taɓa yi ba. Sai dai a nan ne maganar Norman Solomon ke dawo mini. Maganar macijin ta kai gaban kotu a 2019, amma in na tambayi zauren nan wa ya tura hoton macijin, hannuwa da yawa za su tashi, in kuma na tambayi wa ya bi zaman shari'ar ko da sau ɗaya, ina jin za mu kalli juna. Mutanen Dairul Madina sun yi zane, sun kuma je sun zauna a ƙofar masu riƙe da rumbu har aka auna musu hatsinsu.

Fiye da shekara guda bayan macijin, a Yunin 2019, abin ya iso Kano. Aka nemi kuɗin shiga da gidan zu ya tara a bukukuwan ƙaramar Sallah, naira miliyan 6.8, aka rasa, sai labari ya bazu cewa gwaggon biri ne ya haɗiye su. 'Yan sanda suka tsare wasu ma'aikata, masu waya kuma suka duƙufa, aka yi ta zana birin da babbar riga da hula yana ƙirga kuɗi, labarin ya kai jaridun Turai da Amurka. Ana cikin haka Gwamna Abdullahi Ganduje ya fito ya bayyana cewa gidan zu na Kano ba shi da gwaggon biri ko ɗaya.

Malam Shugaban taro, na ga an miƙo mini takarda cewa lokacin la'asar ya gabato, ga kuma masu tambaya suna jira.